Alƙali Ko Ƙuri'a: Wa Zai Zaɓi Sabon Marubucin da Gwamnati Za Ta Tallafa Wa?

Shekaru kaɗan da suka wuce wata ƙungiya ta ba ni aikin rubuta mata manhajar karɓar takardun neman tallafi. Kuɗin na hukuma ne, an ce na matasa masu fasaha ne, wato marubuta da masu zane da mawaƙa da ke farkon tafiya. Nawa dai shi ne in gina fom ɗin yadda aka zana mini shi, in tabbatar bai faɗi ba ranar rufewa. Na gina, bai kuma faɗi ba. Amma da na leƙa rumbun bayanai bayan an rufe, sai na ga abin da har yau yake damuna. Mutane da yawa sun cika shafin farko, sun cika na biyu, suka tsaya cak a na uku, inda ake so su bayyana da Turanci irin tasirin da aikinsu zai yi wa tattalin arziki, su kuma ɗora takardar rajistar kamfani. Waɗanda suka kai ƙarshe kuwa, da yawansu jimlolinsu iri ɗaya ne, har kuskuren rubutu iri ɗaya, alamar hannu ɗaya ne ya rubuta musu a wani shagon buga takardu. Kwamitin alƙalai ya zauna ya yi zaɓinsa cikin gaskiya, ban ga wani maguɗi ba. Sai dai kafin su zauna, fom ɗina ya riga ya yanke hukunci a kan mafi yawan masu nema.

Tun daga ranar nake bibiyar yadda ƙasashe ke raba irin wannan kuɗi. Tambayar da ta fi kama hankalina ita ce wadda ba a cika yi ba: idan gwamnati ta amince za ta kashe kuɗi a kan wanda bai yi suna ba tukuna, wa zai nuna shi, kuma da wane ma'auni? Shahararren marubuci yana da littattafan da za a duba. Sabo ba shi da komai sai alkawari, shi kuwa alkawari ba a ɗora shi a sikeli.

Gwajin ƙasar Ayilan

A 2022 gwamnatin Ayilan ta yi abin da ya ba mutane da yawa mamaki. Ministar al'adu ta lokacin, Catherine Martin, ta buɗe shirin gwaji na biyan masu fasaha albashin dogaro. Mutum sama da 9,000 suka nema. Aka tantance, aka sami sama da 8,200 da suka cika sharaɗi, wato sun nuna shaidar cewa da gaske suna aikin fasaha ko kuma ba su daɗe da kammala koyonsa ba. Daga nan babu wani kwamiti da ya karanta waƙar kowa ko ya kalli zanen kowa don ya ce wannan ya fi wancan. Kwamfuta aka sa ta zaro suna 2,000 ta hanyar ƙuri'a. Kowannensu aka riƙa biyan sa Yuro 325 a mako, kimanin Yuro 16,900 ke nan a shekara, har tsawon shekara uku, kuma ana cire haraji a ciki kamar kowane albashi. Ba a ce sai ya kawo littafi ko faifai a ƙarshe ba. Abin da aka wajabta masa shi ne ya riƙa amsa tambayoyin masu bincike a kan yadda yake kashe lokacinsa da kuɗinsa.

Sannan aka ware kimanin mutum 1,000 daga waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, su ma suna amsa tambayoyin, don a sami abin kwatantawa. Rahotannin da ma'aikatar ta fitar sun nuna cewa masu karɓar kuɗin sun ƙara sa'o'in da suke ba aikin fasaharsu, sun rage na aikin neman abinci a wasu wurare, damuwa da fargaba kuma sun ragu a cikinsu idan aka gwada da ɗaya rukunin. A kasafin kuɗin da aka gabatar a Oktoban 2025, gwamnati ta ce za ta mayar da shirin na dindindin.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, ƙasar Turai mai arziki da mutum miliyan biyar da ɗoriya, me ya haɗa ta da mai rubuta labari a Funtuwa ko Maraɗi? Abin da ya haɗa su shi ne ƙagaggen labarin Hausa na boko shi kansa da kuɗin hukuma aka haife shi, kuma hanyar da aka bi wajen zaɓen farko ta bar tabo a jikinsa.

Abin da alƙali ɗaya ya haifar

A 1933 Rupert East, jami'in Hukumar Fassara da ke Zariya wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labari mai tsawo da Hausa. Daga gasar aka fitar da littattafai biyar da kowane ɗan makaranta ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Imam yana da shekara 22 a lokacin, Tafawa Ɓalewa 21. Idan ana neman misalin tallafin hukuma ga sababbin marubuta da ya yi riba, da wuya a sami wanda ya fi wannan. Bayan 'yan shekaru aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

To amma a dubi su wane ne aka zaɓa. Duka maza ne, duka masu ilimin boko, mafi shahararsu kuma sun ratsa ta Kwalejin Katsina, a matsayin ɗalibai ko malamai. Imam da Bello Kagara ma wa da ƙane ne. Ba na zargin East da son kai; a inda fitilarsa ke haskawa ya nema, can kuma ya samu. A dubi kuma inda labaran suka dosa. Ganɗoki ya fara da zafin yaƙi da Turawa a ƙasar Kwantagora, ya ratsa duniyar aljannu, ya dawo gida ya tarar da mulkin Nasara ya kawo zaman lafiya da ci gaba, ya sassauta. Shaihu Umar littafi ne mai taushin harshe da zurfin tausayi, musamman wajen uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren Sahara, amma duniyar da ya zana ta farautar bayi ita ce daidai hujjar da 'yan mulkin mallaka ke kafawa da ita cewa zuwansu alheri ne. Ban ce an tilasta wa marubutan ba, ban kuma ce ƙarya suka faɗa ba. Abin da nake cewa shi ne wanda ya san mai karanta rubutunsa na farko Baturen gwamnati ne, kuma makarantun gwamnati ne kasuwarsa, alƙalaminsa ya san inda zai tsaya ko ba a gaya masa ba. Labarin da jaruminsa ya mutu yana tsine wa Nasara, in ma an rubuta shi a 1933, ba mu da hanyar sani.

Sai da aka shekara 47 bayan wannan gasa kafin ƙagaggen littafin mace ya fito ta irin wannan ƙofa: So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, daga gasar kamfanin NNPC na Zariya, a 1980. Gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta 1982 ta kawo Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, littattafan da suka shigo da fasa-ƙwauri da ta'addanci da hatsarin mota cikin labarin Hausa. Daga nan tattalin arziki ya karye, hannun hukuma ya janye.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjata mafi ƙarfi. Guguwar da ta fi kowace girma a tarihin rubutun Hausa ta taso ne ba da sisin gwamnati ba. Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino da ɗaruruwan irinsu da kuɗin aljihu suka buga, a kasuwa suka sayar. Masana da dama suka yi musu kallon hadarin kaji, aka laƙaba wa aikin sunan Adabin Kasuwar Kano, aka shafe shekaru ana muhawara a jaridu ko wannan ma adabi ne. A ce a 1987 an kafa kwamitin farfesoshi don raba tallafi, shin da sun ba Balaraba, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama? Ina shakka. Ga shi kuwa Alhaki Kuykuyo Ne nata an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012, ana karanta shi a jami'o'in da ba su taɓa jin sunan masu kushe shi ba.

Kuskuren da ba a gani

A sana'armu ta rubuta manhaja, duk abin da ke tacewa yana yin kuskure iri biyu. Ko ya bar gurɓatacce ya wuce, ko ya tare mai kyau. Matatar saƙon imel misali ce: wani lokaci saƙon 'yan damfara ya shigo maka, wani lokaci kuma takardar ɗaukar aiki ta faɗa kwandon shara. Na farko kana ganinsa, ka yi tsaki. Na biyu ba ka ma san ya faru ba. Kwamitin raba tallafi haka yake. Idan ya ba wanda ya cinye kuɗin bai rubuta komai ba, jarida za ta ɗauka, a kira shugaba a yi masa tambayoyi. Idan ya hana wadda da za ta rubuta littafin shekara goma, ta koma saida atamfa, babu mai tuhumarsa har abada. Saboda haka kowane kwamiti, komai gaskiyarsa, a hankali yake karkata zuwa ga wanda ba zai ba shi kunya ba: mai digiri, mai lambar yabo, wanda wani kwamiti ya taɓa zaɓa. Ruwa ya ci gaba da zuba a inda ya riga ya jiƙa.

Akwai kuma matsala ta biyu. Alƙali da abin da ya karanta jiya yake auna na gobe, kamar yadda manhajar da aka horar da tsofaffin bayanai ba ta gane abin da bai yi kama da su ba. Sabon marubucin da ya fi cancantar tallafi sau da yawa shi ne wanda rubutunsa bai yi kama da na kowa ba, shi ne kuma wanda ma'aunin zai fi saurin yarwa.

Ba masu fasaha kaɗai suka lura da haka ba. Hukumar binciken lafiya ta Niyu Zilan a 2013 ta fara raba wani rukunin tallafinta da ƙuri'a bayan an tantance, hukumar kimiyya ta Suwizalan ma takan yi haka idan takardu suka yi kunnen doki. Dalilinsu shi ne alƙalai na iya ware mai kyau daga maras kyau, amma idan aka ce su jera masu kyau ɗari daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, abin da ke fitowa ya fi kama da son rai da gajiya da sanayya. A Amurka ma, shirin marubuta na gwamnatin Roosevelt da aka fara a 1935 bai tambayi mafi yawan waɗanda ya ɗauka ko suna da baiwa ba, talaucinsu ya duba. A cikin dubban da suka ci albashinsa akwai Richard Wright da Ralph Ellison da Zora Neale Hurston da Saul Bellow, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel. Shirin ne kuma ya tattara hirarraki sama da 2,300 da tsofaffin bayi. Taru mai faɗi aka jefa, manyan kifaye suka shigo tare da ƙanana.

Na san wani zai ce ai wannan caca ce. Caca ita ce ka zuba kuɗinka kana fatan cinye na wani. Ƙuri'a tsakanin mutanen da haƙƙinsu ya zo daidai abu ne da muka sani tun a gida: masu rabon gado sukan yi ta bayan an daidaita kaso, Alƙur'ani kuma ya ba da labarin yadda aka jefa alƙaluma a kan wa zai riƙi Nana Maryam. Amfaninta ke nan, ta cire zargi a inda hankali ya kasa fifita wani a kan wani.

Inda ƙuri'ar ta gaza

Duk da haka ba zan sayar wa mai karatu da shirin Ayilan a matsayin maganin kowace cuta ba. Na farko, ƙuri'a ba ta kawar da mai gadi, matsar da shi take yi zuwa ƙofar waje. Wanda ya rubuta sharuɗɗan cancanta shi ne sabon alƙali. Idan shaidar zama mai fasaha ita ce kuɗin da ka taɓa samu ta aikin, ko katin wata ƙungiya, ko takardar makaranta, to wanda ya koya a ɗakinsa bai taɓa sayar da komai ba ya faɗi tun kafin a kaɗa ƙwarya. Shafi na uku na fom ɗina ke nan ya dawo da sabuwar riga. Masu fasaha naƙasassu a Ayilan ma sun koka cewa karɓar kuɗin na iya rage musu alawus ɗin da suke dogaro da shi, wato waɗanda suka fi buƙata su ne suka fi jin tsoron nema.

Na biyu, abin da rahotannin suka auna shi ne sa'o'i da kuɗi da kwanciyar hankali. Waɗannan abubuwa ne masu muhimmanci, amma babu jadawalin da zai gaya maka ko an rubuta littafi mai kyau. Wannan hukunci na masu karatu ne, kuma yakan ɗauki shekara ashirin. Ƙasar Holan ta taɓa gwada tallafi mai faɗi daga 1956 zuwa 1987, inda hukuma ke karɓar zane da sassaƙa daga masu fasaha tana biyan su. Aka wayi gari ɗakunan ajiya sun cika da ayyukan da ba mai kallo, aka rufe shirin. Kuɗin da ba ya haɗa mai fasaha da jama'a yana iya zama sadaka kawai.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar mu, abin da East ya ba Imam ya wuce kuɗi. Ya zauna da shi a kan rubutun, ya gyara, ya sa an buga, ya kai makarantu. Za a iya sukar hannunsa da yin nauyi, na kuma soke shi a sama, amma dai akwai hannun. Marubuciyar da ke sakin labarinta babi-babi a zauren WhatsApp tana karɓar 'yan ɗaruruwan naira ta banki ba ta rasa masu karatu ba, ba ta kuma rasa labari ba. Abin da ta rasa shi ne wata shida da ba sai ta saki babi kowane dare ba, da mutum ɗaya da zai ce mata babi na tara maimaicin na huɗu ne, ki cire shi. Ƙuri'a za ta iya ba ta na farko. Na biyu sai edita.

Da ni aka tambaya

A Nijeriya maganar ma ba ta kai ga yadda za a zaɓa ba. Tun 1991 akwai dokar kafa asusun tallafa wa fasaha na ƙasa, marubuta sun gaji da kiran a farfaɗo da shi. Shirin Babban Banki na 2019 na masana'antun ƙirƙira bashi ne mai ruwa, ya lissafa ɗinki da fim da waƙa da fasahar sadarwa, har da rancen masu koyon rubuta manhaja irina, amma bai ga littafi ba. Kuma duk marubucin Kano da ya tuna yadda aka ƙona littattafai a bainar jama'a a 2007 yana da dalilin tsoron kuɗin da zai zo da sharaɗin ladabi. Wannan tsoro shi ne ya ƙara sa ni son ƙuri'a: kwamishina ba zai iya yi wa wanda bai zaɓa ba gori, ba zai kuma iya hana wanda ya zage shi ba.

Da wata jiha za ta gwada, ga yadda zan so a yi. Mai nema ya turo babi uku da Hausa, da boko ko da ajami, ko da hoton takarda ne ta waya. Masu tantancewa su amsa tambaya biyu kacal: aikinsa ne, kuma ya nuna zai iya kai labari ƙarshe? Ba maki, ba jerin gwanaye. Kowane mai nema lambar shaidar ɗan ƙasa ɗaya, don kada mutum guda ya shigo da suna goma. A wallafa lambobin duk waɗanda suka tsallake kafin ranar zaɓe. Ita kuma manhajar ƙuri'ar a buɗe ta kowa ya karanta. Ba ta wuce layi ashirin ba. Kwamfuta ba ta iya zaro suna haka kawai, sai an ba ta wata lambar farawa, kuma duk wanda ya riƙe wannan lamba ya riƙe sakamako. Don haka a sanar tun da wuri cewa lambar za ta fito ne daga abin da ba wanda ya san shi tukuna, misali a kira mutum biyar daga cikin taro kowa ya jefa ɗan lido a gaban kyamara. Bayan haka duk ɗalibin da ke da kwamfuta zai iya maimaita lissafin a gida ya ga ko sunayen sun yi daidai. Waɗanda suka ci a riƙa biyan su wata-wata na shekara guda, a haɗa kowane biyar da edita ɗaya da ake biya, a kuma ajiye sunayen waɗanda ba su ci ba, bayan shekara biyar a duba su waye suka ci gaba da rubutu a rukunin biyu.

Wasu daga cikin waɗanda ƙuri'ar za ta faɗa wa ba za su rubuta abin kirki ba, na yarda. Kwamiti ma yana zaɓen irinsu, sai dai shi yana da takardar maki da zai kare kansa da ita. Ni dai na ga jerin waɗanda suka tsaya a shafi na uku, da sunayen garuruwansu da sa'ar da suka rufe wayar, yawanci bayan sha biyun dare. Ban san ko akwai Imam ko Balaraba a cikinsu ba, alƙalan ma ba su sani ba, domin rubutunsu bai taɓa isa teburinsu ba.